Gaiwa a Ƙofar Tudu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku matso. Kai Ɗanlami, cire yatsan nan daga hanci.

Can farkon duniya babu ciyawa, babu bishiya, ko kukan tsuntsu babu. Ruwa ne da dutse mai zafi, shi ke nan. Duk mai rai cikin ruwa yake. Ta fari ita ce Gansakuka, tsohuwar nan mai koren zane. Bayanta tsutsotsi suka zo, sannan kifaye. Ikon Allah!

A wani tafki akwai Gaiwa da 'yarta Auta, ita kaɗai ta rage mata. Rani ya yi rani, tafki yana ta ƙafewa. Gaiwa ta duba ta ga in ruwan nan ya ƙare, Auta ta mutu. Hankalinta ya tashi, ta tafi wajen Gansakuka.

Tsohuwa ta ce, "Jikata, kai yarinyar tudu. Iska ma ana shanta, in an daure."

Gaiwa ta ja ciki har bakin laka, Auta na bayanta. Ta ɗaga kai. Wayyo, faɗi! Fili har inda ido ya tsaya, sama a buɗe ba murfi. Ta ce a ranta, gida irin wannan ai ba ya rasa mai shi. Ita kuwa mai tarbiyya ce.

Ta ce, "Gafara dai, masu gida!"

Shiru. Sai iska.

Ƙaguwa ya leƙo daga raminsa na cikin laka. Shi fa jira yake ruwa ya ƙare ya ci banza. Ya ce, "A'aha, Gaiwa! An amsa miki ne? Haka aka koya miki, ki faɗa gidan mutane kamar akuya?"

Kunya ta kama ta, ta koma.

Washegari ruwa ya dawo iya wuya. Ta sake zuwa. "Gafara dai, masu gida!"

Shiru. Ƙaguwa ya ce, "Maigida barci yake. Mutum ne mai faɗa, ni dai na gaya miki."

Ta koma tana kuka. Yara, ina za ta sani ba a taɓa yin mai rai a tudun ba? Duniya guda, ba kowa ciki!

Ran na uku ruwa ya zama kunu. Gaiwa ta juya, ba Auta. Ta ja ciki a guje zuwa bakin laka. "Gafara dai, masu gida! Don Allah ko kun ga 'yata?"

Sai wata 'yar murya daga kan dutse ta ce, "Maraba, Inna. Shigo."

Tun da aka yi duniya, wannan ce murya ta farko a tudu. Auta ce. Ta gaji da jira, ta haye da asuba. Ta haɗiyi iska, ta shaƙe, ta sake haɗiya, har ƙirjinta ya buɗe. Inda take da filafilai, 'yan ƙafafu sun tsiro. Ƙaguwa ya gani, ya ja da gefe, har yau bai miƙe hanya ba.

Gaiwa ta yunƙura ta hau. Ina! Jiki ya tsufa, laka ta riƙe ta. Ta ce, "Sauko, 'yata, in gan ki."

Auta ta ce, "Inna, in na daɗe a ruwa yanzu numfashina ɗaukewa yake."

Murna da baƙin ciki suka haɗe wa Gaiwa. Can ta ce, "Je ki, gidan naki ne. Abu ɗaya na roƙe ki. In haihuwa ta zo, ki dawo gida."

Auta ita ce uwar kwaɗi, kuma a bayanta duk masu ƙafa suka cika tudu. Gaiwa kuwa ba ta shiga ba, ba ta koma ba. Da rani sai ta binne kanta a laka, nan bakin ƙofa, tana jira. Shi ya sa duk damina, kome nisan da macen kwaɗo ta yi, sai ta dawo ruwa ta zuba ƙwanta, don kaka ta ga jikokinta.

Ƙurunƙus! A tashi a wanke ƙafa.