Guntun Katakon da Aka Cire

Akwai wani tsohon kafinta, maƙwabcina, ana kiransa Baba Ma'auni. Shekara talatin ya yi a shagon ƙanensa. Shi ya kafa musu injin zarto, irin wanda zarton ke rataye a dogon hannu na ƙarfe, ana jawo shi ya bi ta kan katako.

Ranar da ya kafa shi, ya cusa guntun katako ƙarƙashin ƙafafun gaba na teburin injin, teburin ya ɗan kwanta baya. Da an saki zarton sai ya gangara mazauninsa, nesa da hannun mai aiki.

Da ƙanen ya rasu, ɗan marigayin ya gaji shagon. Ya ɗora ma'aunin ruwa na gwada karkata a kan teburin, ya fashe da dariya.

"Baba, wai kai ne Ma'auni? Shekara talatin kana yanka a karkace!"

"Ɗana, da gangan na yi. Bar shi haka."

"Ido ne ya tafi. Je ka huta."

Ya doke guntun da guduma, ya sallami tsohon a gaban ma'aikata.

Tun daga ranar, kullum da hantsi Baba na tsaye a tsallaken titi, hannunsa na motsi kamar yana jan zarton.

"Malam," ya ce mini, "ƙamshin garin katako nake zuwa shaƙa. Ka ji kukan nan? Haƙoran zarton sun dakushe. Da za su bar ni ko wasa su in yi."

Bayan wata uku, ɗan ya saki zarton yana juyawa, ya kai hannu zai kwashe guntaye. Zarton bai koma ba, girgizar injin ta turo shi gaba. Ya tsaga masa tafin hannu, sai da aka yi ɗinki goma sha ɗaya. Baba ne ya tsallako da gudu ya kashe injin, ya ɗaure raunin da rigarsa.

An mayar da guntun katakon shiru, na gani da idona. Amma Baba yana nan a tsallaken titi. Na koyar shekara talatin da biyar, ban taɓa barin ɗalibi ya gyara kuskure a ɓoye ba. A gaban ma'aikata aka wulaƙanta Baba, a gabansu ya kamata a ba shi haƙuri, a mayar da shi aikinsa.

Darasi: Kafin ka cire abin da babba ya sa, tambayi dalilinsa, in kuma ka gane ka zalunce shi, ka faɗa da bakinka. Ku tura wannan har ya isa wayar mai shagon.