Rawani Ɗaya, Kai Uku

Ku kife wayoyin nan ku saurara, tunda a cikinsu abin ya faru. Duk mai cewa wasa ba ya taɓa zumunci bai san Sagiru mai gyaran waya a Gusau ba.

Su uku suka haɗa rumfa a wani wasan intanet: shi Sagiru, da Tukur tela ɗan baffansa, da Balaraba ƙanwar Tukur mai tsaron kantin magani. A wasan akwai kasuwa, kowa ya ƙera kaya ya kasa, a saya da sulallan wasan. Su garkuwa suke sayarwa. Tsarin kasuwar kuwa ba tausayi: wanda ya fi araha shi ke saman jeri, mai saye kuma ba ya duban na biyu. Ƙarshen shekara, rumfar da ta fi ciniki ake ba rawanin Sarkin Kasuwa, sunan mai shi ya riƙa walƙiya kowa na gani.

Sai ga wani mai kiran kansa Kura. Su sa garkuwa sule ɗari, ya sa casa'in da tara. Su sauko casa'in, ya sa tamanin da tara. Sule ɗaya tak, kamar mai tsokana. Wata biyu ko ƙuda bai sauka a rumfarsu ba. Sagiru in ya ga sunan Kura a sama sai ya ji kamar an watsa masa barkono a ido, har gilashin wayar wani ya taɓa fasawa don haushi.

Balaraba ce ta fara. Kwana ashirin, tsakanin mai neman maganin mura da mai neman na ciwon kai, idonta na kan Kura. Ta gano ba ya duban riba ko asara ko kaɗan. Duk inda mafi araha ya tsaya, sai ya kwaso kayansa kaf ya ajiye ƙasa da shi da sule ɗaya, ko da rami ne. Ta ce, "Yaya, wannan ba kura ba ne, akuya ce. Ku nuna masa dusa, zai bi ku har mahauta."

Tukur ne ya ba da dusar. Garkuwa ɗari biyu gare shi, wata uku yana ƙera su, ɗinkin mutane na jiransa. Ya riƙa kasa su yana sauke farashi sannu-sannu don kada Kura ya farga, tamanin, sittin, arba'in, har goma. Duk saukewa, kafin Kura ya biyo, masu saye suka yi ta wawaso, wahalarsa ta tafi a banza yana kallo. Kura na biye, har ya zube garkuwa ɗari shida a kan sule tara-tara.

Tarko ya kama, amma babu sulallan kwashewa. Sagiru yana da shahon zinariya, shekara biyu yana renonsa a wasan, da shi aka san shi. Ya rufe ido ya sayar, ya kwashe garkuwar Kura duka kafin ya ƙifta. Kasuwa ta wayi gari ba mai garkuwa sai su. Suka sayar yadda suka ga dama, shekara ta ƙare rumfarsu ta zo ta ɗaya.

Sai saƙo ya iso: su rubuta suna ɗaya kafin magariba, in ba haka ba rawani ya koma wa na biyu. Na biyun kuwa Kura ne.

Sagiru ya leƙa zauren hirar wasan. Wannan na yabon basirar Balaraba, wancan na yabon zuciyar Tukur. Ba wanda ya ambaci shaho. Ya shiga kasuwar wasan, sai ga shahon nasa a kafaɗar wani baƙo yana buɗe fikafikai. Ya kulle shago ko canjin mutane bai bayar ba, ya nufi wurin Tukur, ya tarar da Balaraba a can.

"Kallo ai kyauta ne, Balaraba," in ji shi tun daga bakin ƙofa. "Me kika rasa?"

"Wata biyu kana kallon, Yaya Sagiru. Gilashi kawai ka fasa."

Tukur bai ɗaga kai daga keke ba. "Ku gama. Ni dai na san kayan wa aka wawashe."

"Garkuwa ana sake ƙerawa," in ji Sagiru. "Shahona fa?"

Aka ajiye waya a kan teburin yanka yadi, gurbin suna a buɗe, ba wanda ya miƙa hannu. Rana ta yi ja, ladan ya fara gyaran murya.

To, ga ku nan, kuma kada wani ya ce mini a raba, rawani ba goro ba ne. Wadda ta gano lagon Kura, ko wanda ya zubar da wahalarsa ya ja shi rami, ko wanda ya sayar da abin ƙaunarsa ya rufe ramin: sunan wa za a rubuta kafin a kira salla?