Rijiyar da Ba a Sha Ruwanta Ba

Masu riƙon labari sun ce, Allah kuwa shi ya bar wa kansa sani, a wani gari da ake kira Tudun Gawo an yi wata mata, Malama Tasalla, shugabar wata 'yar ƙungiya. Su goma sha biyu ne, aikinsu guda tak. Suna da keke mai ƙafa uku, duk matar da naƙuda ta kama a ƙauyukan kewaye sai a buga musu waya, su ɗauko ta su kai asibiti. Shekara bakwai suna wannan hidima, ko sau ɗaya ba a taɓa ambaton sunansu a rediyo ba.

Ana nan sai wani attajiri a birni, Alhaji Ɗan'azumi, ya aiko da albishir. Zai ba su magunguna katan-katan su buɗe ɗakin shan magani, keken kuma ya riƙa zaga kasuwanni yana rabawa. Sharaɗinsa a buɗe ran Juma'a, don zai zo da masu ɗaukar hoto, amsa kuma yana son ta kafin la'asar. Tasalla ta san hukumar lafiya ba ta ba su izinin taɓa magani ba, takardar kuwa takan ci wata biyu. Ta san kuma ranar da keke ya tafi kasuwa, mai naƙuda sai dai ta jira. Amma kun san halin zuciya. Wanda ya shekara bakwai ba a ce masa sannu ba, in aka tafa masa sau ɗaya sai kansa ya yi nauyi.

Bayan azahar ta kira magatakardan ƙungiyar, Baba Shekarau, wani tsoho mai ɗan ɗingishi wanda ya zo garin da daɗewa, ta ce ya rubuta wa Alhaji sun amince. Tsoho ya ɗauki biro, ya juya shi, ya ajiye. Ya ce, "Uwar ƙungiya, hannuna naki ne. Amma ina gudun kada ya same ki abin da ya sami Nomau mai yasar rijiya."

Ta dubi rana, ta ga da sauran lokaci. Ta ce, "Me ya same shi, Baba?"

Ya ce a wata ƙasa can yamma an yi wani saurayi, Nomau, shugaban ƙungiyar masu yasar rijiya. Da rani ya tsaya sai su bi ƙauyuka goma, su shiga rijiyoyi su kwashe laka da yashi, su gyara baki. Aiki ne na ƙazanta, ba mai yi maka guɗa, amma albarkacinsa mutanen ƙauyukan nan suka daina shan ruwan tafki, kurkunu ya ɓace musu.

Wata shekara sai wasu baƙi masu taimako suka ce za su ba da siminti da ƙarfe a haƙa sabuwar rijiya a Unguwar Kuka, muddin za a gama kafin su koma ƙasarsu, mako uku. Ofishin ruwa ya ce a dakata malamin duba ƙasa ya zo ya ga wurin. Nomau ya ce aikin alheri ai ba ya jiran hatimi. Ya hango wani fili shimfiɗaɗɗe a gabas da gari, babu gona babu gini, ya ce nan ne. Bai tambayi kowa dalilin da ya sa aka bar fili mai kyau haka ba.

A cikinsu akwai dattijo, Barmo, wanda ya koya wa Nomau ɗaura igiya a ƙugu. Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan nan, kafin ka sa diga, bari in ba ka labarin belbela da zalɓe."

Barmo ya ce an yi wata belbela da ke zaune da garken shanu, tana cire musu kaska. Akwai tsohuwar saniya da ta ba ta doronta ya zama gidanta. Wata rana zalɓe ya wuce, ya yi mata dariya, ya ce tsuntsuwa fara sol kamarta me take yi a bayan dabba, ga fadama cike da kifi, duk wanda ya wuce sai ya tsaya kallon masu kamu. Belbela ta ji daɗin maganar har ƙashinta. Ta tashi ba sallama. Da ta isa fadama ba ta gai da kada ba, alhali shi ke da ruwan, ba ta kuma tambayi kwaɗi inda taɓo yake ba, alhali su suka san shi. Ta sauka inda ta ga ya fi kyau, ƙafafunta suka nutse. Kada ya taso, ya ce wa ya ba ta izini? Da ƙyar ta fizge, ta bar masa gashin wutsiya. Ta koma garke tsamo-tsamo, ta tarar kaska ta cinye tsohuwar saniya har ta kwanta, tsuntsun nan carki kuma ya hau doron sauran. Barmo ya rufe da cewa, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu masu yasa ne, ɗan nan, rijiyoyi goma na jiranmu."

Baba Shekarau ya ci gaba. Ya ce Nomau dariya ya yi, ya ce wa Barmo tsufa ne ke sa mutum tsoron sabon abu. Suka haƙa dare da rana, suka cim ma ruwa garau, aka yi wa baki siminti, aka rubuta sunan ƙungiya da na Nomau da fenti. Ranar buɗewa baƙi suka zo, makaɗa suka zo, mutanen gari suka tsaya can nesa suna kallo. Nomau ya jawo guga ya miƙa wa wata tsohuwa ƙwarya. Ta mai da hannunta baya. Ta ce, "Yaro, nan muka binne waɗanda annoba ta kwashe tun ina amarya. Mahaifiyata na ƙarƙashin ƙafarka. Da ka tambaya, ko akuyar garin nan ta sani."

Kwana uku bayan haka malamin duba ƙasa ya iso. Wurin na nan rubuce a takardunsa tun tuni, da an jira shi da kallo ɗaya ya isa. Ya sa aka rufe rijiyar da kankare, aka karɓe takardar rajistar ƙungiya. Kafin Nomau ya gama zarya a ofis, damina ta sauka, ba a yashe ko rijiya ɗaya cikin goman ba. Huɗu suka rufta. Mata suka koma tafki. Da shekara ta zagayo kurkunu ya dawo, a wani ƙauyen har aka rasa masu tsayawa su yi noma. Ƙungiya ta watse. Barmo bai zage shi ba, bai ce na gaya maka ba, gaisuwa kawai suke yi har Allah ya karɓi abinsa, wannan shirun kuwa ya fi duka ciwo.

Tsoho ya ce, "Ga shi nan, uwar ƙungiya. Bai jira hukuma ba, bai tambayi masu gari ba, ya saki abin da ya iya. Garin neman ƙiba ya samo rama, ya kuma raba wa mutanen da ba su ci ba su sha ba."

Kunya ta kama Tasalla, don ta tuna ko ungozoma ɗaya ba ta tuntuɓa ba, balle matan ƙauyukan, ita da ke shirin ɗauke musu keke. Ta ce, "Baba, Nomau yana raye?"

Sai tsoho ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu, wadda yake ɗingishi da ita. Ga tabon kurkunu nan a idon sawu, baƙi, tsohon tabo.

Ya ce, "Na zauna a ƙauyen da aka rasa masu noma na sha ruwan tafkin tare da su, don ban ga ta inda zan sha mai kyau ba. Shekara talatin ke nan ba a kira ni da wancan suna ba. Yana can rubuce a jikin kankare, in fenti bai goge ba."

Tasalla ta daɗe kanta a sunkuye. Da na sani ƙeya ce, ga shi ta zauna da mai ita shekara bakwai yana rubuta mata wasiƙu ba ta sani ba. Ta ce, "Na ji, Baba, na kuma karɓa. Gani ga wane ya ishi wane. Rubuta."

Ta ce a yi wa Alhaji godiya, a roƙe shi ya kai magungunan asibitin gari inda ake da izini da masu sani. In kuma yana son taimakon ƙungiya, tayoyin keke sun suɗe. In wata rana za su faɗaɗa aiki, sai sun zauna da matan ƙauyuka tukuna, sun kuma riƙe takarda a hannu. Ta san da wuya ya sake waiwayarsu, hakan kuwa ya yi mata zafi, ba ta ɓoye ba.

Baba Shekarau ya rubuta, ya busa tawada ko da yake biro ne, sabo da yi. Yana ninke takardar ladan ya kira la'asar. Ya miƙa mata, ya sauke ƙafar wandonsa, ya ce, "Barmo ya ba ni labari ɗaya na yi masa dariya. Allah ya kai masa ladan wannan."