Jirin Habi da Ƙafar Kassimu

Akwai wani manomi a Unguwar Lalle, ana ce mishi Kassimu. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kam, sai dai a yi mishi addu'a.

Da damina kututturen dawa ya soke shi a ƙafa. Har aka kai gero rumbu ciwon bai warke ba. Ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa. Matarshi Habi ta lura tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari. Haka wanshi Wada ya fara, kuma da ƙafa guda aka dawo da shi daga Sakkwato.

"Malam, ka tafi a auna jininka mana," in ji ta.

"Jinina lafiya lau yake. Ba mai tsira min allura."

Ku ji fa! Bagobirin da wanzami ya tsage ma kumatu tun yana jinjiri, wai shi ke gudun allura. Habi ba ta yi gardama ba, ta san kayanta.

Ran nan sai ta dafe bango, ta ce jiri take ji. Nan take Kassimu ya rikice.

"Gobe za ni kai ki asibitin Sabon Birni."

"An ce ba a cin komai kafin awon. Kuma ni tsoro nike ji."

"In ba ki ci ba, ni ma ba ni ci."

Da safe ya ɗauko ta a babur, ko kunu ba su sha ba.

A asibiti, da ma'aikaciyar, Nusaiba, ta ɗauko allura, Habi ta ɓoye hannu cikin mayafi.

"Haba Habi, mi ye abin tsoro? Duba ki gani." Ya miƙa yatsanshi, ya kau da kai, ya runtse ido.

Nusaiba ta tsira mishi, ta ɗiga jinin a na'urar awo, ta duba, ta dubi ƙafar. "Baba, sukarinka ya hau sosai. Akwai wata 'yar halitta a bayan tumbi mai daidaita sukari a jini, taka ta fara gajiya. Shi ya hana ciwon nan warkewa. Za mu sake awo, likita ya ba ka magani, a wanke ƙafar yau. Kun zo da sauran lokaci."

Wada ya faɗo ma Kassimu a rai.

Aka auna Habi, nata lafiya ƙalau.

A gindin dalbejiyar asibitin ta kwance ƙullin fura, ba sukari ko ƙwaya. Ya dube ta da kyau.

"To ke ina jirin naki?"

"Yana nan, Malam. Duk sanda na dubi ƙafarka yake taso min."

Dattijo ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonshi ya cika da ƙwalla. Ya karɓi ludayin ya ce, "Allah shi yi miki albarka."

Bana da ƙafafunshi biyu ya yi huɗa.

Darasi: Ciwon sukari ba ya sallama, awon jini ke tona shi. In na gida ya matsa maka ka je a auna ka, ba raini ba ne, so ne. Ku tura ma duk wani mai taurin kai da kuke ƙauna.