Alhaji Datti da Ƙwayar Hawan Jini

A Unguwar Dosa an yi wani mutum mai suna Alhaji Datti, mai shagon atamfa a Babbar Kasuwar Kaduna. Bakinsa ne jarinsa. In ya fara yabon atamfa, ko ba ka zo da niyya ba sai ka saya. Sai dai Allah ya jarabce shi da zargi. Ko gaisuwa ka yi masa da fara'a, sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa.

Da ciwon kai da jiri suka matsa masa, matarsa Turai ta lallaɓa shi suka je asibiti. Likita Abdurrahim ya auna shi, ya ce hawan jini ne, sannan ya jawo kujera kusa da shi.

"Alhaji, wannan ciwon ni da kai za mu kula da shi. Wane lokaci ya fi maka sauƙin shan magani? Kuma duk abin da ƙwayar ta yi maka, ka faɗa mini. Hajiya, ke kuma a rage gishiri."

Suna fita Alhaji ya yi tsaki. "Kin ji ko? Wai ni yake tambaya! Likitan da ya san aikinsa ina ruwansa da shawarar mara lafiya? Ko allura bai yi mini ba."

Ƙwayar kuwa mai sa fitsari ce. Alwalarsa ta daina kaiwa daga azahar zuwa la'asar, yana tsakiyar ciniki sai ya zari buta, har maƙwabtan shago suka laƙaba masa Alhaji Mai Buta. A gida kuma miya ta koma lami. Nan take ya yanke hukunci cewa Turai da likita sun haɗa baki ne su kashe masa jiki.

"Me kike zuba mini a miya?"

"Alhaji, ragewa na yi, ban ƙara komai ba."

Bai yarda ba. Ya riƙa watsa ƙwayar a kwata, ya koma cin tsire da kilishi a kasuwa. Ranar awo likita ya ga jinin ya ƙara hawa, ya tambaye shi, "Kana shan maganin kuwa? Akwai abin da yake yi maka?"

"Ina sha. Lafiya lau," in ji Alhaji, yana yi masa kallon marar gaskiya.

Wata Laraba wata mata ta tambayi kuɗin turmin atamfa. Alhaji ya buɗe baki, bakin ya karkace, ya zame ya faɗi a tsakanin kaya. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

A asibiti ne maƙwabtan shago suka ba likita labarin buta. Likita ya girgiza kai cikin takaici. "Hajiya, da ya faɗa mini, ai canza masa ƙwayar zan yi. Akwai wadda ba ta sa fitsari haka."

Alhaji yana kwance yana ji. Hawaye suka zubo masa, ya motsa leɓe zai yi magana, ba abin da ya fito. Turai ta share masa baki, ta ɗebo miyar nan marar gishiri ta kai masa, ya karɓa.

Darasin shi ne, hawan jini ba ciwon da likita zai yi jinyarsa shi kaɗai ba ne. In ya tambaye ka, ba jahilci ba ne, kai ne ka san abin da jikinka yake ji. Ka sha maganinka, ka yarda da masu kula da kai, kuma ka faɗi damuwarka tun bakinka yana iya faɗa.