Ranar Da Fuskoki Suka Ɓace Daga Wayar Malam Bala

Akwai wani matashi a Anguwan Rogo ta garin Jos mai suna Lukuman. Yana da shagon fotokofi da buga takardu kusa da jami'a, kuma tun da ya iya haɗa kwamfuta da firinta ya yanke wa kansa hukuncin cewa babu na'urar da ta fi ƙarfinsa. Kalmar "ban sani ba" ba ta fita daga bakin Lukuman. Ko jirgin sama ka ce masa ya lalace, cewa zai yi a kawo ya duba.

Mahaifinsa Malam Bala tsohon tela ne. Ciwon gwiwa ya raba shi da keken ɗinki, ya zaunar da shi a zaure. Yana karanta ajami tiryan-tiryan, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba.

Malam Bala yana da amini guda, Baba Gyang, mutumin Tudun Wada, wanda ya shekara talatin yana gyara masa keke. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Baba Gyang ya shanye, harshensa ya yi nauyi, hannunsa ba ya riƙe waya. Tun daga lokacin, kullum bayan la'asar Malam Bala yake kiransa. Matar Baba Gyang, Mama Yael, ta kara masa wayar a kunne, Malam Bala ya yi ta ba shi labarin gari, shi kuma yana amsawa da 'yan kalmomin da suka rage masa. Wannan kiran shi ne abin da tsohon yake jira tun wayewar gari.

To yaya wanda bai iya boko ba yake nemo lamba? Aikin Dina ne, 'yar Baba Gyang, mai gyaran waya a wata rumfa a cikin gari. Ta saka masa wata 'yar manhaja, ta jera masa hotuna huɗu manya a fuskar wayar: na Lukuman, na 'yarsa Binta da ke aure a Bauchi, na limamin unguwa, da na Baba Gyang. Irin abin nan ne da masu waya ke kira wijet. Taɓa fuskar mutum kawai zai yi, kira ya tafi.

Wata Alhamis da safe Dina ta canza masa gilashin wayar da ya tsage, ta aiko masa da ita lafiya lau. Washegari Juma'a Binta ta turo bidiyon sunan jaririnta, waya ta ce babu wuri. Lukuman yana shirin fita shago ya karɓa.

"Kawo, Baba. Wannan ai aikin minti biyu ne."

Ya zaro katin memori daga aljihu ya saka. Ya shiga saitin wayar, duk manhajar da ta yarda ta motsa sai da ya tattara ta ya mayar cikin katin. Bidiyo ya buɗe, ya miƙa wa tsohon yana kallon jikansa, shi kuma ya saɓa jaka ya fice yana jin kansa. Ko waiwayar fuskar wayar bai yi ba.

Da la'asar Malam Bala ya idar da salla ya ɗauki waya. Fuskoki huɗun nan babu ko ɗaya, sai fili fetal. Ya shafa hagu, ya shafa dama, ya goge gilashin da bakin riga. Haka ya zauna da waya a hannu har aka kira magariba.

Da safiyar Asabar ya tare ɗansa a zaure.

"Lukuman, mutanen nan sun ɓace. Ko dai a jikin tsohon gilashin suke, Dina ta jefar da su?"

Lukuman ya yi dariya har da dafa bango. "Haba Baba, hoto a jikin gilashi? Ita ce dai ta yi kwaɓa. Dama na faɗa maka ka daina ba wa 'yan rumfa wayarka. Kawo in tafi da ita shago, kafin azahar na gama."

"To ka fara kira min Gyang tukuna, jiya bai ji ni ba."

"Baba, ɗalibai na jirana. In na dawo."

Jama'a, a nan Lukuman ya ba ni haushi. Kiran minti ɗaya fa aka roƙe shi.

A shago ya kashe wayar ya kunna ya fi sau goma. Ya goge wasu abubuwa, ya canza hoton bango, ya yi ta dannawa kamar mai cire ƙaya. Fuskoki suka ce ba su san zancen ba. Ga abokansa masu sana'ar waya a layin, ga lambar Dina a cikin wayar, amma ina! A ce shi Lukuman ya tambayi wani? Ya jefa ta a durowa, caji ya ƙare, ta mutu.

Kullum da safe tsohon zai ce, "An gyara?" shi kuma ya ce, "Saura kaɗan." Malam Bala mutum ne mai kawaici, ba ya maimaita magana sau biyu a zama ɗaya. Lambar amininsa ba ta kansa, gwiwa kuma ba za ta kai shi titi ba. Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin, ba a kira Baba Gyang ba.

Ranar Talata da hantsi Lukuman ya ga ba sarki sai Allah. Maimakon ya je neman taimako, sai ya tafi neman mai laifi. Ya hau keke napep har rumfar Dina, ya tarar da mutane biyar a kan benci suna jiran gyara. Ko sallama bai yi ba ya dire wayar a kan teburinta.

"Ke Dina, me kika yi wa wayar tsohona? An ba ki canjin gilashi kin lalata masa komai. In ba ki iya aiki ba ki faɗa, ba ki riƙa koyo da wayoyin mutane ba!"

Wata mata da ta riga ta miƙo wayarta ta janye hannu a hankali. Pwajok, mai rumfar da ke maƙwabtaka da ta Dina, ya leƙo.

"Oga, yi magana a hankali mana. Wurin cin abincinta ne fa."

Dina ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi wayar, ta dubi Lukuman, idonta ya kawo ruwa.

"Lukuman, Baba yana lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Na gode Allah." Sannan ta jona wayar a caji. Da ta kawo wuta ta ɗan duba na minti ɗaya.

"Wa ya saka memori a wayar nan?"

"Ni ne. Me ya haɗa memori da hotuna?"

"Yaushe ka saka?"

"Ranar Juma'a da safe."

"To ni Alhamis da safe na canza gilashi. Duba nan." Ta juyo masa da jerin kira. "Alhamis da la'asar Baba ya kira babana, minti ashirin da shida. Da hoton ya kira, tun da ba shi da wata hanya."

Lukuman ya fara shan jinin jikinsa. Dina ta ci gaba da bayani kamar tana koya wa ɗan aji ɗaya, kuma wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Manhajar da ke riƙe da hotunan ka kwashe ka kai cikin memori. A irin wannan waya, in manhaja ta koma kati, wijet ɗinta ba ya tsayawa a fuska. Babu abin da ya lalace."

Ta shiga saiti ta dawo da manhajar cikin wayar. Ta kashe ta kunna. Ta ɗora yatsa a fili a fuskar wayar ta riƙe, jerin wijet ya fito. Ta jawo su ɗaya bayan ɗaya: Binta, liman, Baba Gyang, sai kuma shi kansa Lukuman, da hularsa a karkace yana murmushi. Duka aikin bai kai minti biyar ba.

Wani a kan benci ya ƙyalƙyale da dariya. Pwajok ya girgiza kai ya ce, "Oga, ashe kai ne ka yi ɓarna, ka zo kana ihu a kan yarinya." Lukuman ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙa hannu zai ɗauki wayar ya sulale.

Dina ta dafe ta.

"Tsaya, ba a gama ba. Ni zagin da ka yi min ba komai. Tun Asabar muke kiran wayar nan, farko ba a ɗauka, daga baya a kashe, kuma ba ni da lambarka. Yau dama na shirya in rufe rumfa da wuri in zo Anguwan Rogo. Babana ya daina cin abinci tun Lahadi. Ya ce Bala ya mutu muna ɓoye masa. Ya ce in Bala yana numfashi, ba zai kwana biyu bai kira shi ba."

Ka san akwai kunyar da ake ji a fuska, akwai wadda take sauka har cikin ciki. Ta biyun ce ta kama Lukuman. Ya tuna wayar tana ta ruri a durowa ranar Asabar, yana jin ta, ya ce bari ya gama da ɗalibai.

"Bari in kai masa wayar ya kira yanzu," ya faɗa da ƙyar.

"Ba waya zai yarda da ita yanzu ba. Ka kawo masa Baba ya gani da ido."

Lukuman ya ɗauki shatar keke napep ya koma gida. Da ya faɗa wa mahaifinsa halin da ake ciki, tsohon hula kawai ya nema. Lukuman ya tallafe shi har cikin keken. Suka kama hanya daga Anguwan Rogo zuwa Tudun Wada.

Sun tarar da Dina ta riga su isa. Baba Gyang yana kwance a falo ya juya wa ƙofa baya, ga kwanon gwate a gefe ya huce ba a taɓa ba. Malam Bala ya dogara sandarsa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Gyang, wai ni ka kashe ka binne ban sani ba?"

Tsohon ya juyo da ƙyar. Ya ƙura masa ido. Sai ya miƙo hannun da ke motsi ya kama rigar Malam Bala ya riƙe gam, hawaye na bin gefen fuskarsa. "Bala," kawai yake iya cewa. "Bala."

Malam Bala ya zauna a bakin gadon, shi ma yana share ido da hannun riga. Ya sa aka ɗumamo gwaten, ya karɓi cokali da kansa. Baba Gyang ya buɗe baki ya karɓa.

Mama Yael ta zauna tana kallonsu, sannan ta ce, "Malam, ka ba mu tsoro fa. Kwana huɗu shiru. Me ya faru?"

Lukuman yana rakuɓe a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana jiran a ambaci sunansa. Malam Bala ko kallon inda ɗansa yake bai yi ba.

"Tsufa ne, Yael. Ni na taɓa wani abu a wayar da ban sani ba. Ku yafe min."

Nan ne Lukuman ya kasa. Tsohon da bai aikata komai ba yana neman gafara a gidan mutane don ya rufa masa asiri. Ya taka har tsakiyar falon ya durƙusa.

"Mama, ba Baba ba ne. Ni ne. Ni na lalata, na kasa gyarawa, na ɓoye wayar a durowa don kada a ce ban iya ba. Ya roƙe ni in kira masa Baba Gyang na ce ina sauri. Yau kuma na je na ci mutuncin Dina a gaban mutane. Baba Gyang, ka yafe min."

Baba Gyang ya dube shi. Ya saki rigar amininsa, ya ɗora hannun a kan Lukuman. Mama Yael ta ce, "Tashi, ɗana, ya wuce."

Malam Bala ya ɗebo wani cokalin gwate ya ce, "Bai wuce ba tukuna. A nan mutum huɗu ne suka ji haƙurin. A rumfa aka yi zagin, can za a kai shi."

Washegari da hantsi Lukuman ya tsaya a gaban rumfar Dina, benci cike da mutane, Pwajok yana leƙowa. Da muryar da ya yi ihu jiya, da ita ya ce, "Jama'a, jiya na zo nan na ce Dina ba ta iya aiki ba. Ƙarya na yi mata. Ni ne ban iya ba."

Darasi: Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka ɗora wa wani ɓarna, tambayi kanka me hannunka ya taɓa na ƙarshe. Cewa "ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja, girman kai kuwa rawanin tsiya ne. Kuma ku da ke riƙe wa iyaye wayoyinsu, abin da kuke gani ɗan hoto ne a fuskar waya, wataƙila shi kaɗai ne hanyar da ta rage wa tsoho zuwa ga wanda yake ƙauna. In sun ce a kira musu wani, a ajiye komai a kira. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman gwanayen gidanku da ba a gaya musu.