Keken Lantana a Garun Cindo

Tun zamanin da giwaye ke shan ruwa a inda kasuwarmu take yanzu, wani maharbi ya ɓullo daga arewa, ana ce masa Cindo. Daji ne a lokacin baƙi ƙirin, ko makiyayi ba ya ratsa shi. Cindo sa ɓauna sake hanya! Cindo mai kibiyar da ba ta kwana da ƙishi! Ya hau tudu ya ce nan zai zauna. Tsofaffi sun ce gara ce ta riƙa kwaɓa masa ƙasa yana ɗorawa, har garu ya tashi mai kaurin da doki zai yi sukuwa a kansa, da soraye da rumbuna a ciki. Mahara sun sha zuwa suna komawa da kunya.

Doka ɗaya ya kafa, saboda maharbansa da ke jingine bakunansu in sun dawo daga farauta. Ya ce, "Abin da aka jingina a garuna amana ne. Kada hannu ya taɓa shi, kada ya taɓa inda yake, sai mai shi ya ɗauke." An ce wanda ya fara karya dokar hannunsa ne ya shanye. Da zaman lafiya ya samu, mutane suka gangaro kwari suka bar garun ya zama kufai, amma tsoron dokar bai bar su ba.

A zamaninmu ne, wata bazara da aka yi hutun makaranta, wata yarinya mai suna Lantana ta hau kekenta ta nufi tudun. Jan keke ne da kawunta ya kawo mata daga birni, tana ji da shi kamar ƙwai. Ta yini tana yawo a kufan. Ta leƙa rumbuna jemagu suka tashi, ta hau matakalar soro ta hango gidansu ɗan mitsitsi, ta zauna a inuwa ta ci ɗumamen da ta ƙullo. Tana zagayawa ta gabas sai ta ji ƙarar diga.

Ɗan'azumi magini ne da mutanensa, suna sarar garun suna loda wa tifa. Wai tsohuwar ƙasa ta fi yin tubali! Ku ji fa. Garun da ya tsare kakanninsu daga bauta, shi za a mayar shaguna.

Ta ce, "Baba, garun Cindo ne fa."

Ya ce, "To, Cindon ya fito ya hana. Kauce, 'yar nan, kada ƙasa ta rufto miki."

Ranta ya ɓaci. Dokar da kakarta ta sha faɗa mata ta faɗo mata a rai. Ta tura keken har gaban digarsu, ta jingina shi a garun, ta ce, "Na ajiye amana."

Ƙarti suka yi cirko-cirko. Waɗanda ba su ji kunyar rushe garu ba, ga su suna ɓoye hannuwa a baya. Ɗan'azumi ya yi lallashi, ya yi zagi. Lantana ta gane cewa da ta ɗauke keken diga za ta sauka a wurin, sai ta juya ta kama hanyar gida a ƙasa, cikin ranar nan mai ƙuna, tana tafe tana kuka.

Mahaifinta ya ce ta koma ta ɗauko. Ta ce, "Baba, ku je ku hana su, sai in ɗauko." Bai je ba. Mai unguwa bai je ba. Mu ma da muke zaune a gindin darbejiya muna cika baki da sunan Cindo, babu wanda ya ɗaga ƙafa. Tir! Gari guda na masu gemu, a rasa mai cewa kul sai yarinya. Ɗan'azumi kuwa ya ci gaba da sara ta dama da hagu, yana kaffa-kaffa da inda keken yake, har damina ta faɗi ta wuce.

Lantana ba ta sake mallakar keke ba, da ƙafa ta gama makaranta. Yau in ka hau tudun ba za ka ga soro ba, ba za ka ga rumbu ba. Guntun garu kaɗai za ka gani tsaye a fili, ana kiransa Jinginar Lantana. Yaran gari kan hau can da kekuna duk bazara, su jingina nasu kusa da nata da tsatsa ta cinye. In sun tambaye mu me ya sa garun Cindo bai wuce tsawon keke ba, sai mu sunkuyar da kai.